Kajin da Inna Ta Ƙi Sayarwa

Ranar da Inna ta iso gidana a Gummi, na tsaya a ƙofa ina duban kayan da ake sauke mata daga mota. Ƙullin tufafi, tabarma, buta, sai tsohuwar tukunyar ƙarfen nan da na sani tun ina yarinya. Na leƙa bayan motar, na ce, "Inna, ina turmi?"

Ta ce, "Ba ni da turmi." Ta wuce ni ta shiga ciki.

Ni na zaci a shekarun nan ta sa an sassaƙa mata wani. A ƙauyenmu, can ƙasar Bukkuyum, kusa da Tungar Guru, da ƙarar taɓaryar Inna ake sanin gari ya waye. Mace ce da ba ta yarda da garin inji ba, ta ce tuwonsa ba ya riƙe ciki. A ce yau ita ce ba ta da turmi, abin ya tsaya mini a wuya.

Shekarar da zinari ya shigo mana, maza suka jingine fartanya suka koma rami. Yayana yana cikinsu. Sukan kawo duwatsu a buhu har tsakar gida, mata su daka, a tankaɗe, a wanke. Inna ta fi kowa hannu, buhun Yaya ba ya kwana. Da safe dutse, da yamma gero, duk a turmi ɗaya. Takan ɗauraye shi ta kife, a ganinta ta yi tsabta. Kowa haka yake yi, rashin sani ya fi dare duhu.

Lokacin ɗan Yaya yana hannunta. Yaye aka kawo mata shi, kamar yadda aka saba, ya zauna bai koma ba. Angona take ce masa. Tana daka tana tsokanarsa: "Angona, kai wane irin miji na, ko goro ba ka kawowa?" Shi kuwa yana zaune gindin turmi, yana tara garin da ke zuba, yana kai hannu baki. Ita ke ba shi kunu, ita ke ɗura masa tuwo, kuma ba ya karɓa a hannun kowa sai nata.

Da ƙin abinci ya fara. Daga nan sai murɗar ciki da amai, sannan jijjiga. Ina Gummi aka aiko mini, kafin in isa an rufe shi. Ba shi kaɗai ba ne, gidaje kaɗan ne a ƙauyen ba a yi zaman makokin yaro ba. Daga baya likitoci suka zo, suka ce dalma ce a cikin dutsen. Aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka kwashe turamen da suka taɓa dutse. An ce Inna ba ta jira an shigo ba, da kanta ta mirgino nata har ƙofar gida.

Tun daga ranar Inna ba ta sake ba wa yaro abinci da hannunta ba.

Ta yi shekaru a ƙauye a haka, har daji ya ƙi zaunuwa saboda 'yan bindiga, mutane suka fara watsewa. Yaya ya koma haƙa wajen Anka, ni kuma na ce a kawo mini ita. Ina da nawa dalilin ban da tausayi. Na daɗe a ɗakin miji ban samu haihuwa ba, sai da na fara fid da rai Allah ya ba ni namiji. Lokacin da Inna ta zo yana koyon tafiya, yana bin bango. Uwar mijina ta rasu tuntuni, kaka ɗaya ke gare shi a duniya. Burina shi ne ranar yaye in miƙa mata shi, ta kwana da shi, ta dama masa kunu, ta ba shi a baki, kamar yadda kakata ta yi mini.

Tana son yaron, wannan ba na shakka. Takan goya shi, ta yi masa wanka, ta kore masa ƙuda in yana barci. Amma da zarar ya nufo kwanonta sai ta kife faifai a kai, ta ɗaga murya: "Ke, zo ɗauki yaron ga." Yaron ga. Ko sau ɗaya ba ta ce masa ango ba. Ko ƙosai aka kawo mata ba ta gutsura masa, sai ta ajiye a murfin kwano ta turo mini da ƙafa.

Ni kuwa ba a san ni da haɗiye magana ba. Wata rana na ce, "Inna, hannunki hwa ba dalma na ba. Dutsi na yak kashe yaron can, ba ke ba."

Ta ce, "Dutsin da ƙahwa yaz zo bakinai?"

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Na sani, amma sanin bai hana ni jin haushi ba, kuma bai hana ni kuka a bayan ɗaki ba.

Kajin, mijina ne ya kawo shawararsu. An gama casar shinkafa, buntu ya taru a ko'ina, maƙwabta duk sun shiga kiwon kajin gidan gona, farare ɗin nan na nama. Ya ce in gwada, tunda akwai wani ɗan ɗaki a bayan gida da ba a komai da shi. Muka share, muka shimfiɗa buntu, muka sa kasko da garwashi don ɗumi. Da aka kawo 'yan tsakin a kwali, suna ta tsiyu-tsiyu, Inna ta leƙa sau ɗaya ta taɓe baki.

Ta ce, "Waɗanga kaji na? Kazad da ba ta san uwatta ba, an kawo ta cikin kwali awa sabulu? Allah shi kyauta."

Na ce ai ba ita aka ce ta yi kiwon ba. Ta ce ko an ce ba ta yi.

Kwanakin farko lafiya lau. Ana cikin sati na biyu sai zawo ya faɗa musu. Kashi ya manne musu a baya, suka saki fukafukai, suka taru a lungu suna gyangyaɗi. In na zuba abinci ko kallonsa ba sa yi. Na yafa mayafi na tafi kasuwa, wurin mai shagon maganin kaji. Ya yi mini tambayoyi, ya ce hanji ne ya lalace, kuma kazar da hanjinta ya lalace ko buhu ta ci ba ya zama a jikinta. Ya ba ni maganin ruwa na 'yan kwanaki, sannan ya ɗauko wani farin gari a leda. Ya ce wannan ba magani ne irin na asibiti ba, mai ne aka sarrafa, irin na kwakwa da danginsa. Yana gyara bangon hanji, yana hana miyagun ƙwayoyin cuta zama, abinci ya riƙa kama jiki. Kaɗan ake sawa, amma sai ya game abincin duka, kar wata ta samu da yawa wata ta rasa.

Na dawo na juye abinci a daro, na watsa garin a kai, na kama juyawa da muciya. Ya dunƙule wuri guda, ya ƙi bajewa. Ga wari kuma, wani irin wari mai hawa kai. Inna tana kan tabarma a inuwa, sai na ji ta ce, "Wa ad da ruɓaɓɓen man shanu cikin gidan ga?"

Na ce, "Abin kaji na, Inna."

Ta taso don ta ga abin da ke wari, ta tsaya a ƙofar ɗakin. Akwai wani ɗan tsako da ke tsaye daidai bakin tiren da ake zuba musu, abinci na gabansa, ido a rufe, ya juya kai gefe. Inna ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Tun yaushe sunka bar ci?"

Na ce tun shekaranjiya.

Ta dubi daron, ta dubi muciyar da ke hannuna. Ta ce, "Ba haka akai ba. Matsa."

Ta gyara ɗaurin zane ta durƙusa. Ta ɗebi abinci ɗan kaɗan a tafin hannu tare da garin da ya dunƙule, ta murza, ta murza, kamar mai murza dambu, har ya baje. Ta ƙara wani abincin a kai ta murza, ta ƙara, ta murza, a hankali har daron duka ya zama abu ɗaya. Sannan ta kama ɗan tsakon nan, ta tsoma bakinsa a ruwa, ta ɗora masa tsaba ɗaya a baki, tana cewa, "Ci mana. Ci don Allah." Ina tsaye a bayanta. Rabona da ganin hannun Inna a cikin abincin da wani baki zai ci, tun kafin rasuwar ɗan Yaya.

Wasu sun mutu, amma yawancin sun tashi. Kashi ya ɗaure, wuya ya miƙe, suka koma turmutsutsu a kan tire. Daga nan kiwo ya bar hannuna, ko ruwa na zuba sai an ce ban ɗauraye mazubin da kyau ba. Da sassafe Inna takan shiga ta bi buntu da tsinke tana duba kashinsu, kamar malamar asibiti. Ta ɗaga wannan ta jinjina, ta ajiye, ta ɗaga wancan. Garin mai wari kuwa ta ce ta gane shi, man shanu ne Turawa suka busar don su ruɗe mu. Tunda kuwa mai ne maganin, sai ta shiga ƙara nata. Maƙwabciyarmu mai ƙuli-ƙuli takan miƙo mata man gyaɗa ta kan katanga, 'yar Fulanin da ke kawo mana nono kuma ta riƙa zuwa da ɗan curin man shanu. Na gaya wa mai shago, ya ce kaɗan ba laifi, amma a yi hankali, mai in ya yi yawa kitse yake zama. Na isar da saƙo. Inna ta ce shi mai shagon ya taɓa renon wani abu, ko dai sayarwa ya iya?

Girman kajin nan sai wanda ya gani. Yau ka ga abu kamar dunƙulen auduga, jibi ka ga ya cika hannu. Inna da ta saba da kajin Hausa, masu shekara suna tsince-tsince a bola ba su cika tukunya ba, abin ya zame mata kamar almara. Duk abin da ta zuba sai ya ƙare, duk abin da ya ƙare sai ta gan shi a jikinsu washegari. Ta fara cin nata abincin da kyau. Ta fara yi wa mijina ba'a a kan tumbinsa. Wata rana har waƙar daka na ji tana yi ƙasa-ƙasa, ga shi babu turmi.

Akwai wani zakara a cikinsu, ɗan tsakon nan ne da ta fara ba wa abinci a baki, ta shaida shi da wani ɗan tabo a ƙafa. Ya fi duka girma, ya fi duka haɗama. Ina madafa wata safiya sai na ji muryarta daga ɗakin kaji: "Angona, kai wane irin miji na? Ci kawai, ko goro ba ka kawowa?"

Ludayi na hannuna, na tsaya cak. Na dubi ɗana yana zaune a ƙasa yana tsotsar murfin kwalba. Wallahi kishin zakara na ji, ba zan ɓoye ba. Sunan da nake jira a kira ɗana da shi, ga shi an ba kaza. Amma a ƙarƙashin haushin akwai murna. Na ce a raina, daga bakin zakara zuwa bakin yaro ai ba nisa. Lokacin yayen ɗana ya yi, na ɗaga ranar. Na ce bari in ba ta lokaci, da kanta za ta ce a kawo shi.

Kajin nan ba a wuce sati shida ko bakwai da su, haka kowa ke yi. Da lokaci ya yi mijina ya zo da mai gashin kaji na bakin tasha, da kejinsa a bayan babur. Inna ta fito ta tsaya a ƙofar ɗakin, ta dafa dogaran ƙofa da hannu biyu.

Ta ce, "Ba a saida su."

Na ce, "Inna, lokacinsu ya yi."

Ta ce, "Wane lokaci? Yanzu hwa sunka hwara girma. Wa yat taɓa kai kaza kasuwa ko ƙwai ba ta aje ba? A bari su yi ƙwai, su ƙyanƙyashe, gida shi cika."

Na yi mata bayani har bakina ya bushe. Na ce waɗannan ba irin namu ba ne, ba a yi su don su daɗe ba, ba sa kwanci, ba sa reno. Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "Abin da ka ci, shina girma, shina lahiya, shi za a kai ma wuƙa? Ke ba ki san abin da aka nema ba a duniya."

Mai gashi ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya tada babur ya tafi. Mijina ya ja ni gefe ya ce in bar ta. Ya ce tun zuwanta gidan nan yaushe muka ji dariyarta, in ba yanzu ba? Na bar ta. Ni ma ina da abin da nake jira.

Sai bazara ta shigo. Wanda ya san zafin Gummi kafin saukar ruwa ya san abin da nake nufi, iska kanta kamar daga bakin tanda take fitowa. Kajin sun zama manya-manya, ƙirji ya yi musu nauyi, ƙafafu suka fara lanƙwashewa. Sai su yi taku biyu su zube, baki buɗe suna haki. Gashin ƙirjinsu ya zube saboda kwanciya. Inna ta koma wuni a cikin ɗakin nan mai wari, tana yi musu fifita da faifai, tana yayyafa ruwa a bango, tana kai mazubi gaban wadda ta kasa tashi. Abinci kuwa ba ta rage ba, mai ma ba ta rage ba. A wurinta muddin abu yana ci, to yana nan.

Ranar da ta farko cikin manyan ta mutu ina wurin, na kawo wa Inna ruwan sha bayan azahar. Kaza ce lafiyayya, tana cikin cin abinci. Sai ta yi wata ƙara, ta buga fukafukai, ta wuntsila ta faɗi rigingine. Ƙafafu suka miƙe, wuya ya sanƙare, jiki duka yana karkarwa. Kafin in ajiye kofi ta yi shiru.

Inna ta yi wani irin kuka da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Ta kira sunan ɗan Yaya, sunan da ba ta ambata ba tsawon shekaru. Tana ja da baya tana cewa, "Haka yay yi. Wallahi haka yay yi." Ta fita da gudu, tsohuwa da ita, ta durƙusa a bakin rariya ta kama wanke hannu. Ta wanke da sabulu, ta wanke da toka, ta ɗauki dutsen goge kaushi ta dirje har fata ta yi ja. Na riƙe ta, ta fizge. Ta ce, "Na hwaɗa maki. Na hwaɗa maki hannuna na, kinka ƙi ji."

Kafin magariba wata ta sake wuntsilawa. Washegari na koma wurin mai shago. Ya ce ba cuta ba ce, ba kuma guba ba. Jiki ne ya fi ƙarfin zuciya, ga zafi, sai ta tsaya. Ya ce a fitar da su yau, kar a kai gobe. Mijina ya kira mai gashi. Wannan karon babu wanda ya tare ƙofa. Inna tana ɗaki ta juya wa ƙofa baya, ana ɗaure ƙafafunsu suna kuka, ko motsi ba ta yi ba. Zakaran nan kaɗai aka bari, don da mai gashi ya kai hannu mijina ya ce, "Bar wanga." Ni ma ban iya cewa a ɗauka ba.

Ba ta sake shiga ɗakin kaji ba. Ta koma yadda ta zo, har ta fi. Da can tana goya ɗana, yanzu in ya nufo ta sai ta naɗe hannuwa cikin zane. Ni na koma ba zakaran abinci, yana ci yana waige-waige. Bayan 'yan kwanaki ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa gaba ɗaya, ya kwanta a buntu yana haki.

Na shiga ɗakin Inna raina a ɓace. Na ce, "Angon naki ya kwanta. Ko wuƙa, ko mushe, zaɓi guda. Kuma in an yanka, ke za ki buɗe cikinai ki gani da idonki. In kin ishe guba ciki, na rantse ba ni ƙara yi maki maganar yaron ga."

Mijina ya yanka zakaran a bayan gida. Na sa shi a daro, na zuba ruwan zafi, na kai gabanta na dire, na koma gefe na zauna. Tururi yana tashi, ita tana kallon bango. Sai da ruwan ya fara hucewa sannan ta jawo daron.

Ta fige shi tsaf, a hankali, kamar mai cire wa yaro riga. Ta tsaga cikin. Kitse ne rawaya ya fara fitowa, dam-dam, zuciyar ma sai da ta tona kafin ta same ta. Ta ajiye hanta da ƙundu a murfin kwano. Sannan ta zaro hanjin, tana bin sa da yatsu kaɗan-kaɗan, tun daga sama har ƙasa. Ta ce in ba ta reza. Ta tsaga shi a tsaye, ta zuba ruwa, ta ɗaga shi wajen haske. Ja-ja ne, mai kauri, sumul, ko ɗigon tabo babu. Ta sake bi daga farko.

Ta ce, "Ni baƙi nika zaton in ishe. Awa garin dutsin nan."

Na ce, "To kin gani. Hannunki na yag gyara hanjin ga. Ƙoshi na yak kashe su, Inna, ba ke ba."

Ta daɗe da hanjin a hannu. Hawaye yana bin kumatunta yana ɗiga a daro. Ta ce, "Wanga ya ci har ya kasa tashi. Wancan, loma guda nir roƙe shi. Loma guda."

Na ɗauki naman na tafi madafa, ina yanka albasa ina gode wa albasar da ta ba ni dalilin hawaye.

Da na sauke, na zuba mata romo a kwano, na ɗora hantar a sama, na kai mata inuwa. Ɗana ya ji ƙamshi ya biyo ni yana tangaɗi. Na yi niyyar ɗauke shi, sai na fasa. Ya je ya dafa gwiwarta, ya ɗaga kai ya buɗe baki, yadda yara ke yi. Faifai yana kusa da ita, ba ta kife ba.

Ta gutsuri hantar. Ta hura, ta taɓa a leɓenta ta ji ko ta huce, ta sake hurawa. Ta ɗaga hannu. Hannun ya tafi har ya kusa bakinsa, sai ya tsaya. Yaro ya miƙo wuya. Ta janye.

Ta ce, "Kawo hannunki."

Na miƙa. Ta ɗora mini hantar a yatsu. Na zaci ta gama ke nan, kamar kullum. Sai ta kama wuyan hannuna, tafinta duk kaushin dirza, ta ɗaga shi, ta kai shi bakin yaron da kanta. Ya karɓa yana tauna, romo yana bin haɓarsa. Ba ta sake ni ba sai da ya haɗiye. Ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ci, angona."

Iyakar inda ta iya kaiwa ke nan. Na yi ta sa rai za ta ƙara, ba ta ƙara ba. Yaye ni na yi abina a ɗakina, na shafa ɗaci a nono, na sha kukansa ni kaɗai, Inna tana jin mu ta bayan bango. Da damina ta kwanta ciwo, kafin a yanke gero ta rasu.

Har yanzu ina kiwon kajin. Ina murza garin nan mai wari a tafin hannu kaɗan-kaɗan yadda ta yi, kuma lokacinsu na yi nake fitar da su, ba na ƙara kwana. In mai gashi ya fara ɗaure ƙafafu sai in shige ɗaki. Yaron ya girma, yana zuwa makaranta, bai tuna fuskarta ba. Kwanaki ya ji 'yan ajinsu suna labarin tuwon kakanninsu, ya dawo ya tambaye ni ko tasa kakar ta taɓa ba shi abinci. Na ce masa, "Sau ɗaya." Hannun nawa ne, amma ita ta kai shi.